Kafin ka ɗaure kaya: wa zai ƙirga maka karatun da ka yi a waje?

 

An ce in yi magana a kan fita waje karatun kiwon lafiyar al'umma. Batun yana da faɗi, don haka zan riƙe gefe ɗaya, wanda shi ne aka fi yin asara a kansa: yadda karatun da mutum ya yi a wata ƙasa zai ƙirgu idan ya dawo gida.

Ba'adare dai ba a koya masa tafiya. Babu unguwa a Tawa, babu gari daga Barmu zuwa Keita, da ba shi da mutum a Abijan ko Libiya ko Kamaru. Ɗan bida in ya dawo, tambayar tsofaffi guda ce: “Mi ka samo?” Kuma amsar ana ganin ta da ido, ko buhunan hatsi, ko kwanon rufi, ko babur. Ɗalibi kuwa takarda yake kawowa, kuma darajar takardar ba shi ke yanke ta ba, ba iyayensa ba, wani ofis ne da bai taɓa shiga ba. Akwai wanda zai kwashe shekara biyu a waje, an sayar da awaki da albasar gida an tura masa, ya dawo a ce masa ya koma aji ɗaya. Abin da nake so mu kauce wa ke nan.

Mu nan dama karatun lafiya mai zurfi tafiya ne. Jami'armu ta Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar, da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa ta tashi. Tsangayoyin ilimin lafiya suna Yamai, Maraɗi da Damagaram. Makarantar ENSP Damouré Zika tana Yamai, akwai ƴar uwarta a Damagaram. To mutumin da zai bar gida ko ta yaya, ba abin mamaki ba ne ya ce bari ya ƙara gaba, ya leƙa Dakar ko Maroko ko Sakkwato.

Mu fara da kalmar da kowa ke faɗi amma ba kowa ya tsaya ya gane ta ba: kredi. Ba na waya ba, ba kuma bashin mai kanti ba. A tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, kredi ma'auni ne na aikin da ɗalibi ya yi, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Ana haɗa zaman aji, aikin gwaji, karatun da ka yi kai kaɗai da dare, da jarrabawa. A jami'o'in yankinmu kredi ɗaya yana kama awa 20 zuwa 25 na aiki, a Turai kuma awa 25 zuwa 30. Zangon karatu ɗaya kredi 30 ne, shekara 60. Lisans kredi 180 a zango shida, mastar 120 a zango huɗu. Ƙasashen UEMOA sun amince da wannan tsari tun 2007, shi ya sa lissafin Yamai da na Wagadugu, Lome da Dakar ya zo ɗaya.

A ƙa'ida, kredin da ka ci ya zama naka, ba ya ruɓewa, kuma kana iya ɗaukar sa zuwa wata jami'a. Sai dai “kana iya” ba “dole a karɓa” ba ne. Makarantar da ka je, ko wadda ka dawo, tana da kwamitin malamai da zai duba darasi bayan darasi. Su ba ruwansu da wata nawa ka yi a can, ko irin wahalar da ka sha. Za su ɗauki darasin ilimin annoba na can su aza kusa da na nan: awa nawa, me aka koyar, ta yaya aka yi jarrabawa. In sun yi daidai, a ba ka. In ba su yi ba, ka sake. Ka ɗauka ka yi zango guda a waje ka ci 30 cif, ka dawo aka amince da 18. Saura 12 sun zama bashi a wuyanka, kuma idan darussan da suka rage sai zangon baɗi ake koyar da su, shekara ta tafi.

Akwai wani tarko da ɗaliban LMD suka saba da shi har ba sa ganin sa. Ka samu 7 a lissafin ƙididdiga, ka samu 15 a wani darasi mai sauƙi, aka haɗa aka raba ya kai 10, aka ce ka wuce. A makarantarku magana ta ƙare. Amma wanda ke tantance dosiyen mastar a wata ƙasa layi-layi yake karantawa, kuma a fannin nan namu idonsa kan ƙididdiga da ilimin annoba yake fara sauka. Bakwai ɗin nan da ka ɓoye a cikin jimla, shi zai gani da farko. Duk mai niyyar fita, wannan darasi biyu ya ci su da ƙarfinsu, tun aji ɗaya.

Yanzu mu tsallaka Ƙonni. Sakkwato ta fi Yamai kusa da mu, nesa ba kusa ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975 da asibitin koyarwarta. Amma tiyarsu daban take da tamu. A Najeriya awannin zama gaban malami ake ƙirgawa: awa ɗaya a kowane mako har ƙarshen zango, shi ne ma'auni ɗaya. Don haka ɗalibin da ya ɗauki 18 a zango a can ya ɗauki cikakken kaya, alhali 18 a nan yana nufin ka gaza da 12. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. In ka kawo takardar can ba tare da bayanin yadda suke lissafi ba, mai duba ta yana iya yi maka kallon wanda ya yi rabin aiki. Haka in kai ne ka je can da lisans ta shekara uku: digirinsu na farko shekara huɗu ne ko fiye, kuma wasu jami'o'in sai ka yi shekarar share fage kafin su sa ka a mastar. Wannan ba wulaƙanci ba ne, tsarinsu ke nan, amma shekara ce da kuɗinta, gara ka san da ita tun kana gida.

Maki ma haka. A wurinmu 12 bisa 20 abin a yi maka barka ne. Wani ma'aikaci a wata ƙasa zai ninka ta biyar ya ce 60 cikin 100, kuma akwai ƙasashen da 60 ɗin ke bakin faɗuwa. Maganin abin takarda ce ƙarama daga ofishin rajistar makarantarku, mai bayyana ma'anar makin da darajojinsa. Ku nema, ku haɗa da dosiye.

To me ya kamata a yi kafin tafiya? Idan zango ɗaya ko biyu za ka yi ka dawo ka ƙarasa a gida, kada ka hau mota sai da yarjejeniya a rubuce. Turawa a shirinsu na musayar ɗalibai, Erasmus, sun mai da wannan dole: ɗalibi, makarantarsa da makarantar da za ta karɓe shi, duk uku su sa hannu kafin ya tashi. Kai ma kana iya yin irinta ko da babu wani shiri. Ka samo jadawalin darussan can da bayanin abin da ke cikin kowane. Ka kai wa shugaban sashenku. Ku zauna ku ja layi tsakiyar takarda, na can a dama, wanda zai maye a nan a hagu, da kredin kowane. Ya sa hannu, a buga hatimi, ka riƙe asali, ka bar kwafi a ofis. “Je ka, ba matsala, in ka dawo za mu gani” magana ce mai daɗi, kuma mai faɗin ta da zuciya ɗaya yake faɗi. Amma shugaban sashe ana canza shi, yana ritaya, yana tafiya nasa karatun. Wanda ka tarar a kujerar bai ji alkawarin ba. In ka isa can ka tarar an soke wani darasi ko an canza shi, ka rubuto a gyara yarjejeniyar a makon farko, kada ka jira sai ka dawo.

Idan kuma dukan diplomar za ka yi a waje, tambayar ta koma wata: makarantar nan, wa ya san da ita? Akwai hukumar CAMES, wadda a nan Yamai aka haife ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu. Tun yarjejeniyar Lome ta 1972 take da shirin tantance diplomomi da daidaita su tsakanin ƙasashenta. Abin lura shi ne, diploma-diploma take tantancewa. Makaranta na iya rubuta sunan CAMES da manyan baƙaƙe a allonta saboda an amince da lisans ɗinta ta lissafin kuɗi, alhali mastar ta lafiyar al'umma da take tallatawa ba a taɓa duba ta ba. Ku tambayi sunan diplomar da kanta, ku neme shi a jerin da hukumar ke wallafawa. Wasu sun tambaye ni ko fitarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ta taɓa wannan. CAMES ba reshen CEDEAO ba ce, daban suke. A gida kuma, ofishin OBEECS a Yamai, wanda kuka sani da jarrabawar bak, shi ke da alhakin daidaita takardun da aka samo a waje. Mutane sai sun dawo suke neman ƙofarsa. Ni shawarata a je kafin a biya sisi, da sunan makaranta da sunan diploma, a tambaya.

Kuma kada ku ce tsoro nake ba ku. A ƙarshen Disamban 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Janairun 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo gaba ɗaya. Wa ya sha wuya? Har da waɗanda suka yi karatunsu da gumi, don an haɗa su a buhu ɗaya. Wannan ba ya nufin Benin babu makarantar kirki. Cibiyar IRSP ta Wida, mai sunan Comlan Alfred Quenum, tun 1977 take horar da jami'an lafiyar al'umma na yankin nan, da hannun Hukumar Lafiya ta Duniya a kafa ta. A Dakar akwai ISED a cikin Jami'ar Cheikh Anta Diop. A Iskandariya ta Masar akwai Jami'ar Senghor, da Faransanci take koyarwa, tana da sashen lafiya, da gasa ake shiga. Wurare na gaske suna nan. Amma duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa akwai mastar a wata shida, ba zuwa aji, biya kashi uku, ka san me yake sayarwa.

Abu na gaba shekarun nan ne suka koya mana shi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗalibai daga ƙasashe da dama, har da namu, suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Wanda ke da takardar makinsa ta kowane zango yana da abin nunawa a wata jami'a. Wanda ya bari sai ya gama ya karɓa gaba ɗaya, shekarunsa suna cikin wata kwamfuta a ofishin da aka rufe. Bayan 26 ga Yulin wannan shekara, Faransa ta daina ba da biza a Yamai, ɗaliban da suka riga suka samu gurbi suka tsaya cik, gadar Gaya da Malanbil kuma ta rufe. Babu ɗalibin da aka yi shawara da shi a duk wannan. Don haka kowane zango in ya ƙare, ka je ka karɓi relebenka da hatimi. Ka ɗauki hotonta, ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa wani a gida. Haka bayanin darussa, haka takardar rajista, haka rasidin kuɗi. Kuma kada ka rataya komai a kan ƙasa ɗaya, ka ajiye dosiye a wuri biyu ko uku.

Na daɗe a kan takardu. Bari in taɓa abin da za a karanta ɗin, don ni a ganina nan ne namu ya bambanta da na mai karatun banki ko kwamfuta. A watan Agustan 2016 mutane suka fara kwanciya da zazzaɓi da zubar jini a yankin Cintabaradan da Tasara, dabbobi suna ɓari suna mutuwa. Sai da aka kai samfurin jini Cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar a watan Satumba cewa zazzaɓin Rift ne. Sama da mutum 30 suka rasu, galibinsu makiyaya, kuma abin ya zo daidai lokacin da garke ke haɗuwa don taron gishiri na Ingal. Ku duba irin mutanen da aikin ya nema: wanda ya iya bin sawun cuta daga rijiya zuwa rijiya, wanda ya san cutar da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum kuma zai iya zama teburi ɗaya da likitan dabbobi, wanda ya iya tsara alƙaluma su yi magana, da wanda zai zauna a zango ya bayyana da Tamashek ko Fulatanci dalilin da ya sa a tafasa madara kuma kada a taɓa ɗan tayin da ya faɗi da hannu tsirara. Ga sanƙarau da ke dawo mana da zafi, ga tamowar yara kowace bazara, ga mai naƙuda da ke kan amalanke tsakanin ƙauye da asibitin Abalak. Idan kana da damar zaɓen darussa a waje, ka zaɓa da waɗannan a ranka. Darasin tsarin inshorar lafiyar Turai yana da daɗin ji, amma in za ka bar darasin sa ido kan annoba saboda shi, ni ban ga ribar ba.

Nan kuma akwai wata dama da ɗalibai ba sa amfani da ita. Yawancin mastar suna ware kredi masu yawa, wani lokaci zango guda cur, don staj da kundin bincike. Ba dole ba ne ka yi su a can. Kana iya rajista a Dakar ko Rabat, ka zo ka yi stajinka a Keita, ko Buza, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ya ƙirgu maka a can. Sharaɗin dai shi ne a ƙulla yarjejeniyar staj tun farko, a san mai kula da kai a fili da irin takardunsa, a san awa nawa, a san wa zai ba da maki. Idan bincikenka ya shafi mutane ko bayanan marasa lafiya, sai da izinin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da na hukumar lafiya ta jiha, kuma wannan yana cin lokaci, don haka a fara nema da wuri. Ribarsa a fili take: kuɗin haya ya ragu, kana da harshen mutanen, kuma kundin da ka rubuta zai amfani likitan gundumar da ka zauna.

Ga ƴan uwa ma'aikata da ke cikin aikin gwamnati, ku naku ya fi tsauri. Idan ba a ba ka takardar izinin tafiya karatu a hukumance ba, kana iya dawowa da diploma mai kyau ta kasa ɗaga ka ko mataki ɗaya. Masu tsohuwar diploma ta kafin LMD kuma, wadda ba a rubuta kredi a jikinta ba, ku koma makarantarku ku nemi takardar da ta jera darussa da awanninsu, don da ita za a yi muku lissafi. Wasu manyan makarantu, irin Cibiyar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Anbers a Beljiyam, ma sai da shekarun aiki suke ɗaukar mutum a mastar. Ke nan shekarun da kika yi a asibitin ƙauye, ƴar uwa, ba ɓata lokaci ba ne, ki tabbatar kina da takardar shaidar kowace.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Gurabun da ƙasashe irin Maroko da Aljeriya ke bai wa Nijar ta hannun hukumar ANAB suke bi, ku riƙa bibiyar sanarwarta da kanku, kada ku jira a turo muku a guruf. Ko da an ba ka burs, kun san ba kullum take faɗowa a kan lokaci ba, don haka a zauna da iyaye ko yayan da ke Abijan a yi lissafin wata ukun farko kafin a tashi. Harshe ma kuɗi ne da lokaci. Gurbin gwamnatin Turkiyya yana ɗauke da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a fara, shekarar nan kuma ba ta cikin 180 ko 120 ɗin da muka lissafa. Mai nufin Najeriya ko Gana ya fara Ingilishinsa yau, a nan Tawa.

Turkiyya takan buɗe karɓar dosiye daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, sauran kuma kowa da lokacinsa, amma kusan duka suna rufewa watanni kafin a koma aji. Wato mai son tafiya a Satumba ko Oktoba, aikinsa shekara guda kafin nan yake farawa. Fasfo, takardar haihuwa, kwafin bak da na relebe da aka buga wa hatimin hukuma, fassarar mai fassara da kotu ta rantsar idan ƙasar ba ta Faransanci ba ce, da wasiƙun malamai biyu da suka san aikinka. Ku duba sunanku a kowace takarda, harafi-harafi. Mahamadou a takardar haihuwa, Mamadou a bak, Mohamed a fasfo: a gida mutum ɗaya ne, a ofishin jakadanci mutum uku ne, kuma gyaran sai an bi ta kotu. Wanda ya san yana da irin wannan, ya fara da shi a satin nan.

Na ga hannuwa a baya. Bismillah, ƴar uwa, ke kika fara ɗagawa.